Rabo, Jinginar Masu Shuka

Rabo ɗan Arzika mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Deule, can inda dutse ya ƙare jigawa ta fara. Ba malami ba ne, ba ɗan sarauta ba, bai taɓa zama a lakwal, wato makarantar boko, ba. Amma daga Madawa zuwa Buza har Keita, duk wanda ya riƙe diga a aikin hanya a waɗancan shekaru ya san sunansa.

Gidansu gidan noma ne tun kakanni. Ubansa Arzika ya kama salla tun yana saurayi, kuma bai yi wasa da ita ba, amma akwai abu guda na mutanen da wanda bai saki ba. Ranar da ruwan shuka ya sauka, ba mai taɓa gonar gandu sai babban ɗa ya sari ramin farko da sungumin gidan, uba ya zuba iri da hannunsa ya rufe da diddige. Daga nan kowa ya shiga, maza na sara, mata na bi suna zubawa. Ƙotar sungumin nan ta yi baƙi da hannuwan mutanen da suka shuɗe. In an gama shuka, ɗan yakan mayar wa uban. Shekarar da uban ya ji ƙarfinsa ya ƙare, ba zai karɓa ba, sai ya ce, "Riƙe." Wanda aka ce wa haka shi ne mai gandu. A gona ake faɗin kalmar, ranar shuka, ga ɗan da ke tsaye a wurin. Ba a faɗinta a gida, ba a aikawa da ita.

Rabo ne ɗan fari, don haka Arzika bai taɓa kiran sunansa ba. "Kai, wanga," shi ne sunan da ya sani daga bakin ubansa. Tun da ƙarfinsa ya kawo shi ke sarar ramin farko, ƙanensa Habu na bayansa, matarsa Zaliha na bin sawunsa da ƙoƙon iri.

Sai ga babban farin nan na farkon shekarun saba'in. Dabbobi suka ƙare, rumbuna suka zama wurin kwanan ƙadangaru. Da ƙasa ta ɗan farfaɗo, wani kamfani ya zo yin hanya da gadoji, yana ɗaukar majiya ƙarfi. Rabo ya ɗaure tabarmarsa, ya ce wa Zaliha cin rani ne kawai, kafin gawo ya zubar da ganye yana gida.

Aikin ba shi da wuyar ganewa. Kamyo, babbar motar kaya, ya juye marmara, ku baza da shebur. A fasa dutse, a jera, a zuba siminti a ƙasan ƙorama don mota ta wuce in ruwa ya zo. Wurin aikin shi ake ce wa shantiye, babbansa kuma shef. Matsalar guda ce. In damina ta yi tsakiya, kamfani da kansa yakan dakatar da aiki ya sallami mutane zuwa gida. Amma farkonta, lokacin da shamuwa ta iso, shi ne lokacin da ya fi bukatar hannu, don a rufe gadoji kafin ƙoramu su kawo. Kuma lokacin ne manomi ba ya jin kiran kowa.

Shekarar farko, da ruwa ya sauka, mutane suka jingine diga suka kama hanyar ƙauyukansu, Rabo a cikinsu. Ba su ga laifi a ciki ba, don ba su taɓa jin an nemi izinin shuka ba. Da suka dawo aka ce an ɗauki wasu. Da rani ya zagayo aka sake ɗaukarsu, amma kamar ba a taɓa ganin fuskarsu ba. Shekara ta biyu ma haka.

Akwai wani direban kamyo, Sule, mutumin Tawa, wanda ya yi aiki a ma'adinan arewa ya shiga sandika, wato ƙungiyar ma'aikata. Shi ya zaunar da su a inuwar motarsa da tsakar rana ya warware musu abin. Ya ce wanda ake kora duk shekara ba zai taɓa zama tsohon ma'aikaci ba. In dutse ya faɗa masa a ƙafa, sai dai ya rarrafa gida. Zamanin mulkin soja ne, yajin aiki kalma ce da ake faɗi da ƙaramar murya, kuma Sule bai ce su yi ba. Ya ce doka ta yarda ma'aikata su zaɓi wakili, delege, ya je ya yi magana da bakinsu.

Aka yi ta kallon juna. Wani abokin Rabo mai suna Ɗantala, ɗan Tama, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya ce a zaɓi Rabo.

"Wanga kahin shi gama magana guda, shef ya gaji ya yarda."

Aka yi dariya, amma shi aka zaɓa. Ba ya fushi, ba a taɓa jin ya yi ƙarya ba, kuma jerin dutsensa ba ya rushewa.

Ranar da shef ya ce zai saurare shi, an aiki Sule ɗauko siminti. Rabo ya shiga rumfar shi kaɗai, da tafinta. Ya yi bayani a hankali: mutane ba gudun aiki suke ba, ƙasa ce ba ta jira, in laima ta wuce, shekara ta wuce. A ba su kwanakin shuka, su je su dawo kan aikinsu ba tare da kora ba. Shef ba mugun mutum ba ne, tsoron ƙorama ne ya cika masa ciki. Ya ce ya ji, amma wa ya tabbatar masa za su dawo? Mutum ya ga gonarsa, ya ga matarsa, me zai tuna masa da gada?

A ƙauyensu Rabo, in ka je gaban maigari roƙa wa wani, ba ka zuwa da baki kawai. Sai ka ajiye hularka a ƙasa ka ce abin yana wuyanka. Shi abin da ya sani ke nan. Ya cire hula ya ajiye gaban shef.

"Ni na tsaya musu. Su tahi, ni in zamna nan. In mutum guda bai komo ba, a kore ni, a tashe maganar."

Tafinta ya juya, shef ya dubi hular, ya dubi Rabo, ya yarda nan take. Ya ƙara da cewa haka za a riƙa yi kowace shekara, muddin Rabo na nan.

Mutane suka yi murna ƙwarai. Sule ne kawai, da ya dawo ya ji, ya zauna a matakin mota ya riƙe kai. Ya ce abin da aka je nema hakki ne, ba aro ba, kuma a duk inda ya yi aiki bai taɓa jin delege ya jinginar da kansa ba. Ya ce su koma tare a gyara maganar.

"Kamarad, kai ma gona gare ka. Ka manta?"

"Ban manta ba," in ji Rabo. "Amma na riga na aje hula."

A lokacin yana ganin shekara guda ce ko biyu, kafin Sule ya kai maganar Tawa a mai da ita doka. Sule ya kai. Aka ce ana dubawa.

Haka aka fara. Shamuwa ta zo, hadari ya haɗu, ƙasa ta jiƙe, shantiye ya watse kamar kasuwa ta tashi. Rabo ya rage, shi da masu gadi da motocin da aka lulluɓe. Ba a ba shi wani aiki, zamansa ne aikin. Sai ya zagaya ya duba siminti, ya dawo ya zauna kan tulin dutse yana fuskantar wajen Deule. Ƙanshin ƙasar nan na ruwan fari shi ya fi damunsa. Yakan ga gonar kamar tana gabansa: aduwar da ke kusurwar gabas inda ake farawa, tsohon yana taɓa ƙasa da yatsa ya ji zurfin laima, mata sun ɗaure zane sun tsaya. Ya san Habu ne ke riƙe da sungumin. Wani lokaci sai ya ga hannunsa na dama yana ɗagawa yana sauka a kan gwiwa, shi kaɗai.

Mutane kuwa suna dawowa, kowa da kowa. Wannan shi ne abin da ya ba shef mamaki, ya kuma ɗaure Rabo. Wanda bai gama shuka ba ya bar wa mata, wanda ɗansa ba lafiya ya bar shi ga Allah, don ba mai son a ce ta dalilinsa aka kori Rabo. Wata shekara Ɗantala ya taka ƙaya a gona, ƙafar ta kumbura, ya zo kan jakin aro yana zagin jakin, yana zagin kamfani, yana zagin Rabo.

"Ga ni, maye. Ɗauke wuyanka. Da wani na, wallahi da ina kwance Tama ana dama mani hura."

Duk wanda ya dawo sai ya fara zuwa wurin Rabo kafin ya ɗauki diga, ya ce ga shi. Wani ya kawo curin fura, wani ɓarin goro. Kowa da labarin yadda ruwa ya yi a garinsu, shi kuma yana tambaya dalla-dalla, har inda laima ta kai.

Shi sai tsakiyar damina yake zuwa gida, hatsi ya kai gwiwa. Yakan yi noma tare da su, ya ga kaka, amma shuka ta wuce shi. Zaliha ba mai ƙorafi ba ce. Sau ɗaya kawai, tana tankaɗe, ta ce masa takun Habu gajere ne, har yanzu ƙafarta takan wuce rami, sai ta dawo baya ta rufe. Ba ta ɗago kai ba da ta faɗa.

Arzika kuwa bai taɓa ce masa ya bar aikin ba. Abin da Rabo ke kawowa shi ke riƙe gidan a shekarun da hatsi bai kai ba, tsohon ya sani. Abin da yake yi kawai, duk shekara in an gama shuka Habu ya miƙo sungumi, sai ya karɓa. Idonsa ya fara hazo, bayansa ya tanƙware, mutanen gari suna cewa lokaci ya yi tuntuni. Shi dai sai ya karɓa, ya kai ɗaki, ya jingine bayan ƙofa.

Hanya ta ƙare, kamfani ya koma yin madatsun ruwa a kwarurrukan Keita. Shef ya tafi, wani ya zo, ya tarar da al'adar ya gaje ta da jinginarta. Sule ya sake kai magana Tawa. Daga baya aka mai da shi wani shantiye mai nisa, ya tafi yana cewa bai yafe wa kansa simintin ranar nan ba.

Sai shekarar tamanin da huɗu ta zo, ruwa ya ƙi. Hatsi ya bushe a tsaye. Mutane suka ci abin da ba a ci, wasu ƙauyuka suka tashi gaba ɗaya. Arzika ya zuba irin gidan a tulu da toka, ya liƙe bakin da laka, ya sa ƙarƙashin gadonsa, ya ce ko shi zai mutu ba za a daka shi ba.

Da bazara ta gaba ta kama, Habu ya zo kasuwar Buza ya aika aka kira masa wansa. Suka zauna gindin wata bishiyar bedi. Habu ya rame. Ya daɗe yana kewaye-kewaye, gaisuwar gida, labarin rijiya, kafin ya fito da abin da ya kawo shi. Tsoho ba ya gani yanzu sai inuwa. Ya ce bana ba zai karɓi sungumi ba, ko wa ya miƙo masa.

"Shi ya aiko ka?"

"Ka san ba a aikawa. Ni dai na ji shina hwaɗi, ni kuma na taho kasuwa."

"Me ka zo saye?"

"Ban samu ba tukuna." Habu ya yi murmushi, sannan ya sunkuyar da kai. "Yaya, ni ban so. Shekarun nan duka aro nike yi. Ka taho ka amshi abinka."

Rabo ya koma shantiye ya je wurin shef, karo na farko da ya roƙi wani abu don kansa. Ɗantala ya bi shi, ya ce shi zai zauna a madadinsa, ga hularsa ma in hula ake so, ta fi ta Rabo tsabta. Shef ya girgiza kai. Ya ce madatsar ba ta rufu ba, in ruwa ya zo da ƙarfi aikin rani duka zai tafi. Bana kuma mutane sun sha yunwa, kowa zuciyarsa na gida. Wuyan Rabo kaɗai ke dawo da su. Ba zai hana shi tafiya ba. Amma in ya tafi, maganar ta tashi, wanda duk ya bar aiki ya bar shi ke nan.

Mutane suka ji. Da yawa suka ce masa ya tafi, ya yi musu iyakar yi, za su san dabara. Rabo ya san ba su da wata dabara. Bayan shekara irin waccan, ba mai iya rasa shuka, kuma ba mai iya rasa aiki. Ya ɗaure tabarmarsa ya ajiye a bakin rumfa, ya kwance ta, ya sake ɗaurewa.

Ruwan ya zo wata ranar bayan la'asar. Iska ta fara, sannan hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin, ya rufe duwatsu tun daga Keita har inda ido ya ƙare, irin ruwan da ba ya tsallake gari. Da ya ɗauke, ƙasa na tururi, mutane suka fito suka tsaya. Ba wanda ya kama hanya. Duk suna kallon Rabo, shi kuma yana tsaye da tabarma a hannu, fuskarsa wajen Deule.

Ya daɗe a haka. Sannan ya shimfiɗa tabarmar kan tulin dutse ya zauna.

"Mi kuke jira? Laima ba ta jiranku."

Suka tafi ɗaya bayan ɗaya, ba hayaniyar da aka saba. Ɗantala ne na ƙarshe. Ya dubi Rabo, ya juya ya bi su.

Da suka dawo, duka, shef ya kira Rabo da kansa ya ce ya je gida ya huta. Ya isa da hantsi. Tun daga nesa ya ga gonar gandu ta tsiro, layi-layi, kore shar. Sungumin yana jingine a ƙofar Habu.

Ya shiga ya gai da ubansa. Tsohon ya saurari muryar, ya tambayi hanya, ya tambaya ko mutanen sun koma. Rabo ya ce sun koma. Duka? Duka. Arzika ya gyaɗa kai, ya lalubo sandarsa, ya jawo wani ɗan ƙoƙon iri daga ƙarƙashin gado.

"Kai, wanga. Kai ni gona."

A kusurwar gabas, daga gindin aduwa zuwa iyaka, an bar wani ɗan tsiri ba a taɓa ba. Ba a nan aka fara ba bana. Tsohon ya sa an fara daga yamma. Ya durƙusa da ƙyar ya tura yatsa cikin ƙasa. Sama ta bushe, amma akwai sauran sanyi a ƙasa. Ya ce zai yi.

Sai Rabo ya koma gida ya tsaya ƙofar ƙanensa ya yi sallama, ya ce a ara masa sungumi. Habu ya fito da shi a hannu biyu, bai iya duban fuskar wansa ba.

Su biyu suka shuka tsirin. Rabo na gaba yana sara, tsohon na bin ƙarar, yana lalubar rami da ƙafa, ya zuba, ya rufe. Zaliha na tsaye nesa da tulun ruwa. Ba su yi nisa ba Arzika ya tsaya, ƙafarsa cikin rami har idon sawu.

"Wanga, rijiya kake gina ko hanya? Hatsi na, ba siminti ba."

Rabo ya yi dariya. Hannunsa ya saba da diga. Ya yi ƙoƙarin sassautawa, amma sai an kusa iyaka sarar ta dawo masa daidai. Da suka gama, ya juya da sungumin ya miƙa wa ubansa, yadda ya saba tun yana saurayi. Tsohon ya ji ƙotar ta taɓa hannunsa. Ya shafa ta, ya ɗan riƙe, sannan ya sake.

"Tahi ka kai ma mai shi," ya ce a hankali.

Tsirin bai yi kyau ba. Inda ramuka suka yi zurfi iri bai fito ba, sauran kuma ya tashi a makare, yana bayan gonar har kaka. Ɗan abin da ya bayar Arzika ya sa aka ware, da shi ake dama masa fura har ya ƙare. Bai ga wata damina ba.

Rabo ya koma shantiye ya ci gaba da zama a kan duwatsu duk farkon damina, har kamfani ya gama ayyukansa ya kwashe motocinsa a ƙarshen shekarun tamanin. A cikin waɗanda ya tsaya wa, da yawa sun fita da sunan tsofaffin ma'aikata, da hakkinsu. Ya dawo gida da furfura da kafaɗa guda da ba ta ɗaguwa sosai. Habu ya same shi a zaure ya ce ya karɓi gandu, shi ne babba. Rabo ya ce ba a zaure ake bayarwa ba, kuma mai bayarwa ya tafi.

Da ruwan shuka ya sauka a shekarar, tun da sassafe yana gindin aduwa, ya riga kowa. Ya tsaya da sabon sungumin da ya saya a kasuwar Buza, ya jira aka sari ramin farko, Habu ya zuba iri ya rufe. Sannan ya shiga layi na biyu. Zaliha ta gyara ƙoƙonta ta bi bayansa, kuma ƙafarta ba ta wuce rami ko ɗaya ba.